Tarihin Dabarun Talla, Daga Bakin Kasuwa Zuwa Akwatin Rediyo

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Rawayya, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu ta Jihar Zamfara. Ya ce ya shiga Gusau sayen taki, sai ga shi ya komo gida da kwalaben magani uku da bai yi niyyar saye ba, kuɗin taki kuwa suka yi giɓi. Yana son a ba shi tarihin dabarun masu talla, kuma wai shin asiri suke yi wa mutane?

To Malam, Allah Ya mayar da alheri. Amma fa ba asiri ba ne, sanin halin ɗan Adam ne, kuma abin ya daɗe a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa akwai sanƙira da maroƙi, waɗanda suka san cewa in aka wasa mutum a gaban jama'a, kunya ba za ta bar shi ya ƙi yin kyauta ba. Akwai dillali mai ce maka wani ya riga ya taya, in ba ka sallama kuɗi yanzu ba ka rasa. Akwai kuma mai ƙosai da ke yi maka gyara don gobe ka dawo wurinta.

Talla irin ta zamani kuwa ta biyo kantunan Turawa ne da jirgin ƙasa. Cikin 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya isa Ƙauran Namoda, kuɗin auduga da na gyaɗa suka fara zama a aljihun manomi, 'yan kasuwa kuma suka shiga neman hanyar da za su mai da su nasu. Shekara guda kafin nan, watau 1928, aka kafa West Africa Publicity, kamfanin da ya riƙa shirya wa UAC tallace-tallace, wanda daga baya ya zama Lintas. Da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya cikin 1939, aka sami wurin buga talla da Hausa. Sannan ga motocin majigi masu zaga ƙauyuka, ga Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, wanda ya kai muryar mai talla har cikin ɗakin wanda bai iya karatu ba.

A can Amurka ne aka mai da abin ilmi. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna John B. Watson ya bar koyarwa a jami'a cikin 1920, ya koma aiki da kamfanin talla na J. Walter Thompson. A ganinsa tsoro da fushi da ƙauna su ne ke juya mutum, don haka mai talla ya taɓo ɗaya daga cikinsu, ba sai ya tsaya dogon bayanin kaya ba. Haka nan cikin 1929 Edward Bernays, ɗan 'yar'uwar Sigmund Freud, ya shirya wasu mata suka fito fareti a birnin New York suna busa sigari, aka ce alamar 'yancin mata ce. Alhali kuwa kamfanin taba ne ya biya shi.

Cikin 1984 wani farfesa, Robert Cialdini, ya fitar da littafinsa Influence, inda ya tattara dabarun gida shida. Ka auna su da abin da ya same ka a Gusau. Na farko, a ba ka ɗanɗano kyauta don ka ji nauyin tafiya hannu wofi. Na biyu, a sa ka amsa ƙananan tambayoyi da "haka ne", har ka ji kunyar janye maganarka. Na uku, a nuna maka jama'a na rububin saye, kuma sau da yawa masu fara miƙa kuɗin yaran mai kayan ne. Na huɗu, a sa farar riga ko a kira sunan wani babba. Na biyar, a ba ka dariya, a kira ka Alhaji, ka ji mutumin ya kwanta maka a rai. Na shida, a ce saura kwali ɗaya, mota za ta tashi. In ka duba da kyau, dillalin kakanninmu ya san yawancinsu tun ba a haifi farfesan ba.

Ganin ɓarnar da abin ke iya yi ya sa gwamnati ta kafa hukumar kula da talla ta APCON a 1988, wadda ta koma ARCON a 2022, da kuma NAFDAC a 1993 don sa ido kan abinci da magunguna. Dokar 2015 ta hana tallar taba. Duk da haka doka ba ta hana kwaɗayi. Cikin 2016 shirin MMM ya bazu ta intanet da alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata guda, kowa na cewa ai wane ma ya samu. A watan Disamba aka rufe asusun mutane, da yawa suka tashi a tutar babu.

Wannan ba ya nufin duk mai talla maƙaryaci ne. Ta hanyar talla ne aka sanar da iyaye ruwan gishiri da sukari da allurar rigakafi, kuma mai kaya na gari dole ya faɗa a ji. Bambancin shi ne, mai gaskiya ba ya tsoron ka je gida ka yi shawara, mai yaudara kuwa duk ƙarfinsa na cikin gaggawa.

Saboda haka Malam, in za ka shiga kasuwa ka ware kuɗin taki a aljihu daban. In magani ne ka duba lambar NAFDAC, ka kuma tambayi ma'aikacin asibiti. In aka ce maka yau kaɗai ne, ka ce sai kasuwa mai zuwa. Kayan kirki za su jira ka.