'Yan Daudu: Sunan da Muke Zagi da Shi, Tarihin da Ba Mu Karanta Ba

 Rubutun yau yana da ɗan tsawo, don Allah a kai ƙarshe kafin a ɗauko dutse.

A makaranta kalmar "ɗan daudu" ta yi araha. Yaro ya iya girki a ɗakin kwana, ɗan daudu. Muryarsa siririya ce, ɗan daudu. Ba ya son ƙwallo, ɗan daudu. Ni ɗan Gamawa ne mai karantar tarihi, kuma al'adata idan kalma ta yi yawa a baki, sai in bi sawunta. Ga abin da na samo.

Daudu asalinsa sarauta ce. Har yau akwai masarautun da ke naɗa ta. Masu nazari da yawa suna danganta sunan 'yan daudu da Ɗan Galadima, iskan nan na bori da ake siffantawa da ɗan sarki mai ado da kyauta da caca. A filin bori ana samun maza masu rangwaɗa irin ta mata suna hidima da rawa, tare da karuwai a ƙarƙashin Magajiya. Wannan kuwa ba labarin nesa ba ne. Bature Fremont Besmer ya yi bincike kan girka a garin Ningi, cikin jiharmu, ya buga shi a 1977, sannan ya fitar da littafi kan bori a 1983.

Zamanin Turawa ne ya buɗe musu kasuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya motoci suka cika hanyoyi, aka samu bariki da tasha da baƙin da ba su da matan da za su yi musu girki. Matan aure suna kulle, namiji kuma yana kunyar tukunya. Ɗan daudu sai ya shiga tsakani: tuwo da miya, soyayyar kaza, ƙwai, farfesu. Wasu kuma suka haɗa da kawalci a gidajen karuwai, wannan ba a ɓoye yake ba. Duk wanda ya taso a garin da ke da babbar kasuwa ko tasha, daga Azare zuwa Potiskum, ya tambayi dattawan gidansu wa ke sayar da abinci mai daɗi a da. Za su yi murmushi kafin su amsa.

A 1983 Gerald Kleis da Salisu Abdullahi suka yi rubutu kan daudanci a biranen Hausa. Bayansu Rudolf Gaudio, ɗan Amurka, ya zauna a Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafin Allah Made Us a 2009. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a ciki shi ne yawancin waɗanda ya zauna da su suna salla da azumi, wasu sun je Makka, da yawa suna da mata da 'ya'ya ko suna burin aure. Suna da nasu tsarin zama: babba shi ne "uwa", yaron da ya ɗauko shi ne "'ya", sa'o'i kuma "ƙawaye". Yaron da gida ya kora, a nan yake samun tabarma da sana'a.

A nan ne muke cakuɗa abubuwa uku. Daudanci ɗabi'a ce da sana'a da ake gani a fili. Luwaɗi da maɗigo aiki ne, kuma hukuncinsu a addininmu sananne ne, ban zo canja shi ba. Mata-maza kuwa halitta ce, jariri ake haifa haka. Malamanmu na Malikiyya ba su kauda kai daga wannan ba. Muhtasar na Shehu Halil, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, da mas'alar gadon mata-maza ya rufe: idan an kasa tantancewa, a ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Imamu Nawawi ma ya bambanta wanda aka halitta da laushin mata da wanda ya ƙirƙiro wa kansa, ya ce na farkon babu zargi a kansa. Malaman da suka fi mu tsoron Allah sun tsaya sun rarrabe, mu kuma mun zuba komai a kwando ɗaya.

Sai doka. Penal Code na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya sa ɗaurin da zai iya kai shekara 14 kan saduwar da ta saɓa wa ɗabi'a, ya kuma lissafa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan zaman banza. Zamfara ta fara aiki da Shari'a a 2000, Bauchi ta bi a 2001 zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu. Aka rufe gidajen karuwai, bukukuwan 'yan daudu suka ja baya, wasu suka bar sana'ar, wasu suka yi ƙaura. A watan Agusta 2007 aka kama maza 18 a wani otal a Bauchi, labarin ya zagaya duniya. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi: shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga masu ƙungiya ko goyon baya. A watan nan dai jama'a suka yi ruwan duwatsu a wata kotun Shari'a a Bauchi, suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma, har sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. A 2022 wata kotu a Ningi ta yanke wa mutum uku hukuncin jifa.

Ku lura da abin da ya faru a 2014. Alƙali yana zaune yana neman shaidu kamar yadda Shari'a ta gindaya, masu ihun kare Shari'a kuma suna jifan kotunta. Addinin da ya hana bin diddigin asirin mutane, ya kuma tsananta kan ƙazafi, ba shi ne ya ba ɗan aji biyu lasisin yanke hukunci a bayan ɗakin kwana ba.

To, su nawa ne? Ƙidayar 2006 ta ce Najeriya na da mutum miliyan 140, jihar Bauchi sama da miliyan 4.6, ƙaramar hukumar Gamawa sama da dubu 280. Ƙidayar nan ko addini da ƙabila ba ta tambaya ba, balle wannan. Don haka duk wanda ya zo maka da "kashi kaza na ɗaliban jami'a", ka tambaye shi wa ya ƙirga. Mata kuwa, masu bincike ma da ƙyar suka taɓo labarinsu.

Inda ake da alƙaluma shi ne fannin lafiya. Binciken Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a wasu jihohi ya nuna cutar ƙanjamau tsakanin maza masu neman maza ta tashi daga kashi 13.5 cikin ɗari a 2007 zuwa 17.2 a 2010, ta kai 22.9 a 2014. A ƙasa baki ɗaya kuwa, binciken 2018 ya samu kashi 1.4 tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. Wani nazari da aka yi a Abuja, aka buga a mujallar Lancet HIV a 2015, ya gano cewa masu tsoron zuwa asibiti a cikinsu sun ƙaru daga kashi 25 zuwa 38 bayan dokar 2014. Yanzu haɗa wannan da abin da na faɗa a sama, cewa da yawa suna da aure. Mutumin da tsoro ya hana shi gwaji da magani, gida yake komawa. Matarsa ƙanwar wani ce a cikinmu, jaririn da za ta haifa kuma bai san komai ba. Ku da ke karatun likita da jinya a Azare, gobe ku ne za ku zauna a kujerar nan. Idan marar lafiya ya tabbata sirrinsa zai fita daga bakinku, ba zai zo ba.

Roƙona uku ne. Kada ka liƙa wa ɗan ajinku suna saboda tafiyarsa ko muryarsa, domin suna irin wannan yana bin mutum har ƙauyensu, yana iya raba shi da karatu. Kada ka tura hoton kowa a guruf na WhatsApp da zargin da ba ka da hujja. Idan kuma ka ga an taru a kan wani, kira jami'an tsaron makaranta, kada ka ƙara hannu. Wa'azi yana da malamai, hukunci yana da alƙalai.

Wanda yake da gyara kan shekara ko adadi, bismillah, ya kawo da madogararsa a sharhi. Zagi kuwa zan goge. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya shirye mu baki ɗaya.