Shekarar Toka: Ranar Da Sayyidina Umaru Ya Gabatar Da Abbas Wajen Roƙon Ruwa

Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki da Ya nufe mu da riskar wannan wata mai alfarma. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, karatunmu na yau tarihin wata shekara ce mai tsanani da ta sauka a kan mutanen Hijaz a zamanin halifancin Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda. Ita ce shekara ta 18 bayan Hijira, daidai da 639 ta Miladiyya. Larabawa suka sa mata suna Amur Ramada, wato Shekarar Toka, domin ruwan sama ya ɗauke, ƙasa ta ƙone ta yi baƙi, iska kuma tana tashi da ƙura kamar toka. An yi wata tara cikin wannan hali.

Bisashe suka yi ta mutuwa. Makiyaya da mutanen ƙauye suka baro wurarensu, suka yi sansani a kewayen Madina suna neman abin sakawa a baki. Malam Ibnu Sa'ad ya ruwaito cewa wani dare Umaru ya sa aka ƙidaya masu cin abinci a wurinsa, aka samu mutum 7,000. Aka ƙidaya iyalai da marasa lafiya da yara waɗanda ake kai wa abinci har inda suke, aka samu 40,000.

Ku dubi abin da Sarkin Muminai ya fara yi. Da kansa ya fara. Ya yi rantsuwa ba zai ƙara ɗanɗana man shanu ko nono ko nama ba har sai jama'a sun farfaɗo. Ya koma ga gurasa da man zaitun, har launin jikinsa ya sauya, cikinsa yana ƙugi mutane suna ji. Ya aika wa gwamnoninsa takardu yana neman agaji, Abu Ubaida ɗan Jarrahi ya iso daga Sham da raƙuma 4,000 ɗauke da cimaka. Ya jinkirta karɓar zakka a wannan shekara, bai kuma yanke hannun wanda yunwa ta tura shi sata ba. Da dare yana salla, yana roƙon Allah kada Ya sanya halakar al'ummar Annabi ta kasance a hannunsa.

Da tsanani ya kai matuƙa, sai ya fita da jama'a filin salla domin roƙon ruwa. An ruwaito cewa a irin wannan fita Umaru ya taɓa tsayawa ga istigfari kawai. Da aka tambaye shi dalili, ya nuna musu ayoyin Suratu Nuhu, inda Allah Ya haɗa neman gafara da saukar ruwa.

Sa'an nan ya yi abin da muke so mu tsaya a kansa. Umaru yana cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna, shi ne kuma shugaban Musulmi baki ɗaya. Duk da haka ya kama hannun dattijo Abbas ɗan Abdul Muɗɗalibi, baffan Manzon Allah, ya gabatar da shi. Imamu Buhari ya ruwaito daga Anas ɗan Maliki cewa Umaru ya ambata a gaban Ubangijinsa yadda suke kamun ƙafa da Annabi a shayar da su, ya ce yanzu kuma suna kamun ƙafa da baffansa. Abbas ya ɗaga hannu. Ma'anar addu'arsa, kamar yadda malaman tarihi suka kawo, ita ce bala'i ba ya sauka sai da zunubi, ba ya kuma yayewa sai da tuba, ga shi mutane sun gabatar da shi saboda kusancinsa da Annabi, sun zo da laifinsu suna masu tuba. Sai hadari ya taso, ruwa ya zuba, ƙasa ta yi tsiro, mutanen ƙauye suka koma gidajensu.

Sahabbai ba su ƙago wannan ba. Sun gani a zamanin Annabi, ranar da wani baƙauye ya shigo masallaci ana huɗubar Juma'a, ya kai kukan mutuwar dukiya da yunwar iyali. Annabi ya ɗaga hannu, aka yi ta ruwa har wata Juma'ar. Bayan Umaru ma, Mu'awiya ya yi haka a Dimashƙa, ya gabatar da Yazidu ɗan Aswad Aljurashi, bawan Allah mai yawan ibada, aka kuwa samu ruwa.

Ya ku bayin Allah, babu mai tilasta wa Allah, babu mai roƙo a wurinSa sai da izninSa. Amma Shi da kanSa Ya ga dama Ya sanya wa bayinSa masu biyayya daraja, Yana jin kukansu saboda wasu. Ku tuna da Uwaisu Alƙarani, mutumin Yaman, wanda bai taɓa ganin Annabi ba. Annabi ya siffanta shi da biyayya ga mahaifiyarsa, ya kuma umarci Umaru ya nemi Uwaisu ya roƙa masa gafara idan ya same shi. Umaru ya yi ta tambayar ayarin Yaman har ya gamu da shi. Hidimar uwa ce ta kai talaka wannan matsayi.

Mu nan mun san fari. Dattawanmu ba su manta da na 1973 da na 1984 ba, kuma duk daminar da ruwa ya yi jinkiri muna fita filin idi. To, da me muke fita? Wanda ya rufe rumbu yana jiran tiyar hatsi ta yi tsada, da wanda ya tauye mudu, da wanda ya ci gonar maraya, su fara mayar da haƙƙi kafin su ɗaga hannu. Umaru sai da ya ciyar da mayunwata ya tsaya a filin roƙo. Idan kuma a unguwarku akwai tsoho mai tsoron Allah, ko tsohuwa mai tsayuwar dare, ko ɗa mai jinyar iyayensa, ku girmama su, ku nemi addu'arsu tun suna raye.

Kai ma da kake azumi, kana da addu'a wadda ba a mayarwa a lokacin buɗa baki. Kada ka ƙarar da ita ga kanka kaɗai. Ka sa maƙwabcinka marar lafiya, da manomi, da makiyayi, da matafiyi, da ƙasarka.

Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, Ya gafarta mana da iyayenmu da malamanmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da Nijar da sauran ƙasashen Musulmi lafiya. Amin.