Yadda Jirgin Ruwan Shaƙatawa Ya Sauko Daga Hannun Sarakuna

A shekarar 1660, sa'ad da Sarki Charles na Biyu ya komo Ingila daga gudun hijira ya hau gadon ubansa, mutanen Holan, waɗanda ya zauna a cikinsu wani lokaci, suka yi masa kyautar wani jirgin ruwa mai suna Mary, wanda sarkin ya riƙa shan iska da shi a kan ruwa. Shekara na zagayowa sarkin ya yi tsere da ƙanensa James a kogin Thames, daga Greenwich zuwa Gravesend da komowa, suka sa fam 100 a tsakani. Daga nan al'adar ta shiga gidajen sarauta da na attajirai, ta kuwa daɗe a can fiye da shekara 200, domin jirgin da ake sassaƙawa da hannu, ana kuma ciyar da matuƙa a cikinsa rani da damina, ba abin da mai neman abin sawa a baki zai ko yi mafarkinsa ba ne. Ko da ta ƙetara zuwa Amurka, inda aka kafa ƙungiyar masu irin waɗannan jiragen a New York a 1844, hannun manya ta faɗa, irin su J. P. Morgan mai banki, wanda ya yi jirage bi da bi, kowanne ana kiransa Corsair, kowanne kuma ya fi na gabansa girma.

Abin da ya saukar da wannan shagala daga hannun masu hannu da shuni zuwa ga ma'aikacin masana'anta da malamin makaranta abu ne da ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne aka haifi kasuwar da ake magana a kanta yau. Farko dai inji. Ole Evinrude, wani haifaffen Norway mazaunin Milwaukee, ya ƙera wani ɗan inji da ake ɗaurawa a bayan kwalekwale, ya fara sayar da shi wajen 1909. Ƙarfinsa doki ɗaya da rabi ne, kuɗinsa dala 62. Ana ba da labari, Allahu a'alamu, cewa abin da ya tunzura shi wata rana ce ta zafi da ya tuƙa kwalekwale ya ƙetare tafki don ya sayo wa budurwarsa ayis kirim, kafin ya komo ya narke. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, hikimar injin a fili take: mutum ba ya bukatar sabon jirgi, sai ya kawo tsohon kwalekwalensa ya maƙala masa, in an gama ya kwance ya saɓa a kafaɗa ya tafi gida. Zuriyar wannan inji ce, ta hannun kamfanonin Japan irin su Yamaha, ta iso Yawuri da Baga, sai dai a wurinmu ta zo a matsayin kayan neman abinci, tana jan jiragen fasinja da na kifi.

Na biyu kuwa shi ne hanyar ƙira da hanyar biya. A garin Algonac na jihar Michigan, ba nisa da Detroit inda Ford ke fitar da motoci, akwai wani masassaƙi, Christopher Columbus Smith, wanda ya fara da kwalekwalen farautar agwagi tun yana yaro, daga baya shi da 'ya'yansa suka kafa kamfanin da aka sani da Chris-Craft. Da fari attajirai suke yi wa aiki, har Henry Ford kansa yana cikin masu sayensu. Amma a ƙarshen shekarun 1920 suka ari dabarar maƙwabtansu masu mota, suka jera aikin a layi, kowane ma'aikaci da guntun da yake haɗawa, suka kuma yarda mai saye ya ba da wani abu ya ɗauki jirgi, saura ya riƙa biya wata-wata. Jiragen na katakon mahogani ne, ana goge shi ana shafe shi hawa-hawa har mutum ya ga fuskarsa a jiki. Da tattalin arziki ya karye a 1929 kasuwa ta mutu murus, kamfanin bai tsira ba sai da ya koma yin ƙananan jirage marasa ado, har a 1935 akwai wanda ake sayarwa dala 406. Wannan shi ne karo na farko da sana'ar ta nuna ɗabi'ar da ba ta rabu da ita ba har yau, wato cewa jirgin shaƙatawa shi ne abu na farko da magidanci ke fasa saye idan hankalinsa ya tashi, shi ne kuma na ƙarshe da yake komawa gare shi.

Amma zamanin da kasuwar ta buɗe sosai shi ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sabubba da dama kuma suka haɗu a lokaci guda. Masana'antun jiragen sama suka wayi gari da tarin alminiyam da gwanaye babu aiki, sai kamfani irin Grumman ya koma ƙera kwalekwale da shi. Aka kuma samu faiba, wato zaren gilashi da ake jiƙawa da wani irin danƙo a shimfiɗa cikin mazubi. In ya bushe sai a ɓamɓaro jikin jirgi guda cur, babu ƙusa babu tsaga, mazubi ɗaya kuwa ya haifi ɗaruruwa. Wanda ya san wahalar jirgin katako, yadda kowace bazara sai an kankare shi an toshe tsagoginsa an sake shafe shi, ga ruɓa tana ci ta ciki mai shi bai sani ba, shi zai gane dalilin da ya sa jama'a suka juya masa baya cikin 'yan shekaru, ko da yake ya fi kyau nesa ba kusa ba. Chris-Craft ta yi jirginta na katako na ƙarshe a 1971. Hukumar Amurka kuma, ba da niyya ba, ta yi wa sana'ar babbar hidima, domin madatsun ruwa da ta giggina don lantarki da maganin ambaliya sun kawo tafkuna cikin jihohin da ba su da teku, manyan hanyoyin da aka fara shimfiɗawa daga 1956 kuma suka sa mutum ya ɗaura jirginsa a 'yar tirela bayan mota, ya fita da asuba ya komo da magariba. Har yau galibin jiragen Amurka, kimanin 95 cikin 100, ba su kai ƙafa 26 ba, a gida suke kwana.

A cikin wannan zamani ne wani mutumin ƙauyen Richmond a Minnesota, Ambrose Weeres, ya jera durom-durom na ƙarfe layi biyu a 1952, ya like su, ya ɗora musu dandamalin katako. Abin ba shi da kyan gani ko kaɗan, gwanayen ruwa kuma sun daɗe suna yi masa dariya, alhali shi ne ya fahimci abin da iyali ke so: wuri mai faɗi da ba ya tangaɗi, inda kaka za ta zauna a kujera, yara su yi ta tsalle cikin ruwa, a dafa abinci a ci. Masu kamun kifi su ma aka yi musu nasu, musamman a 1978 da Johnny Morris ya fito da Bass Tracker, jirgi da inji da tirela a haɗe a kan dala 2,995, babu ciniki. Kawasaki ta kawo babur ɗin ruwa a farkon shekarun 1970. Haka abin ya yi ta hauhawa har 1988, shekarar da aka sayar da sababbin jirage fiye da 500,000, adadin da ba a sake kaiwa ba.

A 1990 Majalisar Amurka ta sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan abin da ya haura dala 100,000 na kuɗin jirgi, da nufin a tatsi attajirai. Attajiran suka ƙi saye, ko suka sayi na hannu, nauyin ya faɗa a kan kafintoci da masu walda; kamfanin Viking na New Jersey, mai ma'aikata wajen 1,500, ya koma bai kai 100 ba. A 1993 aka soke harajin. Masu sana'ar har yanzu shi suke ɗora wa laifi duka, amma adalci ya sa a tuna cewa a daidai lokacin tattalin arzikin ƙasar ma yana cikin rauni, kasuwar kuma ta riga ta fara sauka. Kamfanin OMC, magajin injin Evinrude, ya karye a 2000. Rikicin bankuna na 2008 ya yanke ciniki kusan rabi, ya kuma kayar da kamfanin jirage na Genmar a 2009.

A ganina, abin da ya biyo bayan wannan shi ne mafi muhimmanci, ko da yake bai yi ƙara ba. Kamfanonin da suka tsira suka lissafa, suka ga ribar jirgi ɗaya babba ta fi ta ƙanana goma, ga shi kuma faiba ba ta ruɓewa, don haka jirgin da aka ƙera shekara 30 baya yana nan yana gasa da sabo a hannun dillali. Na hannu da ake sayarwa a shekara sun ninka sababbi wajen sau uku. Sai suka bar wa kasuwar na hannu mai ƙaramin ƙarfi, suka bi mai kuɗi. Dandamalin Weeres ya zama falo mai kujerun laushi da durom uku da inji mai ƙarfin doki ɗaruruwa, wani yana haura dala 100,000. A 2021 kamfanin Mercury ya fitar da injin ɗaurawa mai ƙarfin doki 600, wanda shi kaɗai kuɗinsa ya wuce dala 70,000, akwai kuwa masu jera huɗu a bayan jirgi guda. Injin Evinrude kansa an daina ƙera shi a 2020, shekarar da annobar korona ta tsare mutane a gida suka ruga ruwa, aka sayar da fiye da 300,000, mafi yawa cikin shekara 13. Da kuɗin ruwa ya tashi daga 2022, alhali galibin masu saye da bashi mai tsawon shekara 15 ko 20 suke saye, cinikin ya sake lafawa, ƙananan jirage kuma suka fi jin jiki.

Brunswick, mai injunan Mercury da jiragen Sea Ray da Bayliner, ta hango inda al'amarin ya dosa tun 2019, shekarar da ta sayi Freedom Boat Club, ƙungiyar da mutum ke biyan kuɗin shiga da na wata, ya zaɓi rana a waya, ya tarar da jirgi a wanke da mai a ciki, ya mayar da shi kafin dare, gyara da ajiya da inshora duk suna wuyan kamfani.