Yadda birnin Maradi ke faɗaɗa: tarihin unguwanni, yankan filaye da matsalar ruwa

Duk damina maganar ɗaya ce a majalisun Maradi, daga ƙofar fada har tashoshin 'yan kabu-kabu: ina ruwa ya tsaya bana, gidan wa ya faɗi, kuma wa ya yanka fili a kan hanyar ruwa. Da rani kuma sai zance ya koma kan tsadar filaye da gonakin da ake sayarwa a hanyar Tibiri da ta Jiratawa. Ga bayani a kan yadda garin ya samu siffar da yake da ita yau, da abubuwan da ake ja-in-ja a kansu.

Daga cikin gulbi zuwa kan tudu

Asalin Maradi a cikin fadamar gulbi take. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan Haɓe suka yi hijira arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautarsu a Maradi wajen 1819. Shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maradi. Tibiri kuwa Gobirawa suka kafa ta ƙarƙashin Sarki Mayaƙi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kimanin kilomita 12 daga Maradi. Garuruwan biyu sun zaɓi bakin gulbi ne saboda ruwa da ƙasar noma da kuma duhun dajin da ke ba su kariya daga mahara.

A 1945 gulbi ya yi ambaliyar da ta ci tsohon garin. Turawan mulkin mallaka na Faransa suka tayar da mutane zuwa kan tudu, suka shata sabon gari da igiya: tituna miƙaƙƙu masu faɗi, gidaje a jere gungu-gungu, ga babban fili a gaban fadar sarki. Tsofaffin unguwanni suka hau tudu da sunayensu: Bagalam, Ɗan Gulbi, Limanci, Maradawa, Mokoyo, 'Yandaka da Hassau. Wannan ne dalilin da ya sa baƙon da ya saba da lungunan Birnin Damagaram ko na cikin ganuwar Kano yake mamakin ganin tsohuwar unguwa a Maradi amma titinta a miƙe.

Gyaɗa, kasuwanci da yawan jama'a

Kuɗin gyaɗa ne ya fara gina sabon garin. Kamfanonin Turawa da masana'antar matse mai suka jawo 'yan ci-rani, daga nan aka samu alhazan Maradi da suka shahara a fatauci. Da farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, sai alhazan suka juya ga kasuwancin kan iyaka da Najeriya, mutanen karkara kuma suka yi ta kwararowa birni neman abin sawa a baki.

Ƙidayar jama'a ta nuna girman abin. A 1977 mazauna Maradi kusan 45,000 ne. A 1988 sun haura 110,000, a 2001 sun kai 148,017, a 2012 kuma 267,249. Wato cikin shekaru 35 garin ya ninka kusan sau shida. Kowane sabon magidanci kuwa wurin kwana yake nema, don haka aka yi ta yanka sababbin unguwanni: Sabon Gari, Sabon Kare, Sura Bildi, Zariya, Ali Ɗan Sofo da sauransu. Kalmar "kare" a nan daga Faransanci take, ma'anarta filin gida mai kusurwa huɗu. Yau an raba birnin gundumomi uku, Maradi ta ɗaya da ta biyu da ta uku.

Jami'ar Ɗan Dicko Ɗankoulodo da aka kafa a 2010 ta ƙara buƙatar ɗakunan haya. Shirin Maradi Kwalliya na bikin 18 ga Disamba 2015 ya kawo kwalta da fitilun hanya da sababbin gine-gine a manyan tituna. Sai dai ƙorafin da ake yawan ji shi ne kwalliyar ta tsaya a bakin titi, cikin unguwa kuma yashi da kwata suna nan yadda suke.

Yankan filaye: wa ya ci, wa ya rasa

Ta yamma gulbi ya tare garin, saboda haka faɗaɗar ta fi karkata zuwa sauran ɓangarori, kan gonakin gero da wake na ƙauyukan kewaye. Yadda aka saba, hukuma ce ke shata yanki, masu awo su fitar da tituna da filayen gidaje da wuraren da aka keɓe don lakwal da gidan likita da kasuwa da maƙabarta, a ba masu gona wani kaso na filayen a matsayin diyya, a sayar da saura. Daga baya 'yan kasuwa masu zaman kansu ma sun shiga harkar, suna sayen gonaki suna yankawa.

Masu goyon baya suna cewa in ba a yanka ba, ina talaka zai zauna? Haya na cin rabin abin da ƙaramin ma'aikaci ke samu, kuma fili ne ajiyar da ɗan kasuwa da ɗan ci-rani suka fi amincewa da ita. Masu suka kuma suna nuna abu uku. Na farko, manomin da ya sayar da gonar gado yakan cinye kuɗin cikin 'yan shekaru, 'ya'yansa su tashi ba gona ba sana'a. Na biyu, filaye da yawa ana sayensu ne don a jira su yi tsada, sai ka ga unguwa ta yi shekaru kango-kango, ba famfo ba wutar NIGELEC, saboda gidajen sun yi nisa da juna. Na uku, filayen da aka keɓe don amfanin jama'a sukan zama gidaje ko shaguna ba tare da mutanen unguwa sun san lokacin da aka yi ba.

Akwai kuma batun iyaka. Tibiri tana cikin gundumar Gidan Rumji, Jiratawa tana cikin ta Madarumfa, kowacce da hukumarta. Amma gini bai san iyaka ba: yana bin kwalta. Mutum zai sayi fili yana ganin a Maradi yake, ashe takardarsa daga wata karamar hukuma ya kamata ta fito. A Jiratawa abin ya fi ɗaukar hankali saboda filin noman rani na wajen hekta 500 da aka gina a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin kulawar ONAHA, wanda ke ciyar da kasuwannin birni da kayan lambu da zogale. Duk gonar da ta zama gida a wannan yanki, kwandon cefane ne ke ji a jikinsa.

Dokoki biyu ne ginshiƙi a nan: dokar tsarin karkara mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993, wadda ta samar da kwamitocin kula da filaye da ake kira COFO, da dokar tsara birane mai lamba 2017-20 ta 12 ga Afrilu 2017. Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke riƙe da ma'aikatun magajin gari.

Ruwa da hanyarsa

Hawa tudu ya raba Maradi da ambaliyar gulbi, kuma madatsar Jibiya da ke ɓangaren Najeriya ta rage ruwan da ke gangarowa. To amma yanzu haɗarin daga sama yake. Da can yashi ke shanye ruwan sama. Yau kwano da siminti da kwalta sun rufe ƙasa, ruwan sai ya taru ya gangara da ƙarfi zuwa gulbi, ya bi ta tsofaffin unguwannin da ke bakin gangare, yana cin tituna yana haƙa kwazazzabai. Magudanan da ake da su kuma leda da shara sun toshe da yawansu.

Ranar 30 ga Agusta 2024 an ga sakamakon haka: ruwa kimanin milimita 150 ya sauka cikin awa ɗaya da rabi, hukumomin jaha suka sanar da rasuwar mutum 15, gidaje masu yawa suka rushe. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. 'Yan kwanaki bayan haka tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram shi ma ya faɗi.

Laka ko siminti?

Bayan wannan damina mutane da dama sun yanke cewa ginin ƙasa ya gama zamani, musamman da gwamnati ta rage farashin siminti a watan Oktoban 2024. Tsofaffin magina suna da nasu bayanin. A cewarsu ginin tubali na da yana da kauri, ana masa yaɓe duk shekara, ana shafa masa makuba, indararo na jefa ruwa nesa da bango. Abin da ke faɗuwa yanzu galibi siririn bango ne marar tushe, wanda aka ɗora a inda ruwa ke kwanciya. Ɗakin soro kuma ya fi na kwano sanyi a watan Afrilu da Mayu, ba sai da fanka ba. Matsalarsa ita ce azara ta yi tsada saboda giginya ta ragu, kuma samari ba sa son koyon aikin.

Akwai misalai a cikin ƙasa da ke nuna ana iya haɗa biyun. Masallacin Yama a jahar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu, aikin ya kammala a 2018. Talakan Maradi ma ya samo tasa dabarar: tushe na siminti, bango na laka, a yi masa filasta, a rufa da kwano.

Wani abin da ke ɓacewa shi ne zaure. Sababbin gidaje ƙofar ƙarfe da gareji ake musu, bangon da ke kallon titi kuma a fasa shi a yi shaguna. Dattawa na cewa da zaure ya tafi, wurin karatun allo da saukar baƙo da sulhun maƙwabta ya tafi tare da shi.

Kafin a sayi fili

Mai niyyar saye ya tabbatar hukuma ta amince da yankan, ya je da kansa ma'aikatar magajin garin da filin ke ƙarƙashinta a duba lambarsa a rajista. In gona ce, a nemi takardar COFO da shaidar mai gari da amincewar dukan magada. A ga duwatsun iyaka da ido. A tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi, in da hali ma a ziyarci wurin a watan Agusta. Takardar dillali ita kaɗai ba ta isa hujja ba.

Abin da ke tafe

Layin dogo na Kano zuwa Maradi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Duk inda tasha da ɗakunan ajiyar kaya suka sauka, filaye za su yi tsada, kuma ta kudu layin zai shigo, ɓangaren Jiratawa ke nan. Shi ya sa masu bin lamarin ke kira da Maradi da Tibiri da Jiratawa su zauna tare da sarakuna da manoma da masu unguwanni, su shata inda za a yi gini, inda za a bar wa noma, da inda za a bar wa ruwa hanyarsa, tun kafin masu awo su kafa duwatsu.