Rawar da Kyamara da Haske Ke Takawa a Bidiyon Waƙoƙin Hausa

Bidiyon waƙoƙin Hausa na zamani ya samo asali ne daga finafinan Kano, waɗanda suka kankama da Turmin Danya a shekarar 1990. Bayan karɓuwar da fim ɗin Sangaya ya samu a wajajen shekarar 2000, waƙa da rawa suka zama jarin masu shirya fim, kuma tasirin finafinan Indiya da aka daɗe ana kallo a gidajen silima na Arewa ya fito fili. Daga baya mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker suka riƙa fitar da waƙoƙinsu a YouTube ba tare da jiran fim ba.

Babban abin da ya bambanta wannan bidiyo da na Legas shi ne iyakar da al'ada da doka suka shata. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba ta lamuntar cuɗanyar jiki tsakanin namiji da mace, kuma a 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowar da ta yi a bidiyon mawaƙi ClassiQ. Don haka abin da hannu ba zai yi ba, kyamara ce ke yin sa. Akan matso da ita kusa da idon saurayi, sai a yanke zuwa fuskar budurwa tana sunkuyar da kai, mai kallo ya haɗa su a zuciyarsa alhali akwai tazara a tsakaninsu. Idan kyamarar ta kewaya su a hankali, ta keɓe su daga sauran duniya ke nan. Idan ta ja da baya ta bar mutum ɗaya a fili, an yi rabuwa.

Tafiyar hawainiya kuwa tana da lissafi. Hoton da aka ɗauka hamsin a daƙiƙa, aka nuna shi ashirin da biyar, saurinsa ya ragu da rabi, shi ya sa ake kunna wa mawaƙi waƙar da ninkin saurinta wurin ɗauka domin leɓe ya dace da sauti. Inda aka yi sakaci da wannan, baki daban, murya daban.

A waƙoƙin sarauta da na siyasa akan ɗauki gwani daga ƙasa domin ya cika ido, sannan a ɗaga jirgi marar matuƙi ya nuna yawan jama'a, ko da yake iya zaɓen kusurwa kan mai da ƙaramin taro gangami.

Haske shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Ranar tsaka tana jefa inuwa a kwarmin ido, farar shadda kuma tana ƙwace haske ta bar fuskar mai ita a duhu. Gwanaye kan jira sanyin safiya ko la'asar sakaliya, ko su sa faifai mai mai da haske daga gefe. Haske mai ruwan zuma na tafiya da bege, shuɗi na tafiya da kaɗaici. Sai dai wasu masu tace hoto kan ƙara haske har launin fatar jaruma ya sauya, ta koma ba ita ba, abin da ba ya rasa nasaba da yayin shafa man bilicin.