Monika 'Yar Tagaste, Uwar da Ta Bi Ɗanta Har Hayin Teku

A gabashin Aljeriya, kusa da iyakar Tunisiya, akwai wani gari a cikin duwatsu mai suna Suk Ahras. A zamanin da Rumawa ke mulkin Arewacin Afirka Tagaste ake ce masa. A nan aka haifi Monika wajen shekara ta 331 Miladiyya, kimanin shekara 240 kafin haihuwar Manzon Allah (SAW). Masana da dama suna ganin jinin Amazig ce, dangin Abzinawa na nesa, hujjarsu kuwa sunanta. Ba ta yi sarauta ba, ba ta bar rubutu ba. Labarinta ya iso gare mu ta alƙalamin ɗanta Agustin, ɗaya daga cikin manyan malaman Kiristanci, a littafinsa Confessiones da ya rubuta da Latin kimanin shekara goma bayan rasuwarta.

Abin da ya ba labarin nauyi shi ne ɗan bai ɓoye aibin uwarsa ba. Ya kawo cewa tana budurwa iyayenta kan aike ta ɗebo giyar inabi daga tulun gida, sai ta riƙa ɗanɗanawa, kaɗan-kaɗan har abin ya zama jiki. Wata rana faɗa ya haɗa ta da wata baiwar gidan, baiwar ta yi mata gorin shaye-shaye. Gorin ya soke ta, daga ranar ta bari.

An aurar da ita ga Patirisiyus, ɗan majalisar gari mai 'yar gona, wanda ke kan addinin gargajiyar Rumawa. Mutum ne mai kyauta, amma mai zafin rai, kuma bai tsaya ga matarsa kaɗai ba. Dabarar Monika ita ce ba ta tanka masa yana cikin fushi, sai ya huce ta warware masa magana. Matan garin da ke fitowa da tabon duka a fuska sun yi ta mamakin yadda ba a taɓa jin ya ɗaga mata hannu ba. Masu karatu na yau da yawa ba su gamsu da shawarar haƙuri da take ba waɗannan mata ba, kuma suna da abin faɗa. Amma ba a jayayya kan wata ɗabi'arta: idan mata biyu suka ɓata, kowace ta zo ta zazzage mata cikinta, ba ta ɗaukar maganar wannan ta kai wa waccan sai abin da zai kawo sulhu. Da wannan hali ta shawo kan surukarta, wadda tsegumin bayin gida ya sa ta tsane ta da farko.

Patirisiyus ya karɓi baftisma gab da mutuwarsa, wajen 371. Ya bar ta da 'ya'ya uku: Agustin, Nabijiyus, da 'ya mace. Shekarunta kusan 40 a lokacin. Ba ta sake aure ba. Ta riƙe sadaka, tana zuwa majami'a safe da yamma, kuma ta tanadi wurin kabarinta a gefen na mijinta. Burinta shi ne ƙasa ɗaya ta rufe su.

Agustin, wanda aka haifa a 354, shi ne jarrabawarta. Ya tafi Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau, karatun balaga. A can ya zauna da wata mata ba tare da ɗaurin aure ba, ta haifa masa ɗa, Adeyodatus. Sannan ya shiga tafarkin mabiya Mani, masu cewa haske da duhu asali biyu ne da ke yaƙi tun fil azal, ya yi shekara tara a cikinsu. Da ya dawo gida da wannan aƙida, Monika ta hana shi zama a gidanta da cin abinci tare da ita, har sai da wani mafarki ya kwantar mata da hankali. Ta je wajen wani bishof wanda shi ma ya tashi cikin mabiya Mani kafin ya bar su, ta roƙe shi ya yi muhawara da ɗanta. Ya ƙi, ya ce yaron yana cikin ɗokin sabon abu, a bar shi karatunsa zai nuna masa kuskuren. Da ta nace tana kuka, ya sallame ta cikin ƙosawa da cewa ɗan da aka zubar wa hawaye irin waɗannan ba zai halaka ba. Ta riƙe maganar kamar daga sama ta sauko.

A 383 Agustin ya ƙudura tafiya Roma. Monika ta bi shi har bakin teku, ko ya fasa ko su tafi tare. Ya ce mata rakiyar aboki kawai ya zo, ya lallashe ta ta kwana a wani ɗakin ibada da aka gina don tunawa da Bishof Sifiriyan. Cikin dare jirgin ruwa ya tashi da shi. Gari ya waye ta tarar da gaɓa babu kowa. Agustin ya amsa laifin wannan yaudara a littafinsa, amma ya ƙara da cewa son da uwarsa ke yi ya kasance kusa da ita ya zarce na yawancin iyaye mata.

Bayan kimanin shekara biyu ta hau jirgi ta bi shi. Ta same shi a Milan, inda fadar sarkin Rum ta yamma take a lokacin, ya zama malamin balaga na birnin. A nan ta haɗu da Bishof Ambros. Al'adar Kiristocin Afirka ce a kai fate da burodi da 'yar giya kaburburan shahidai, a ɗanɗana a raba wa jama'a. Monika ta ɗauko kwandonta kamar yadda ta saba, mai gadi ya tare ta ya ce bishof ya hana. Ɗanta ya yi mamakin yadda ta bar al'adar da ta tashi a cikinta ba gardama, har ya ce da wani ne ba Ambros ba, da wuya ta sallama haka. A 386, lokacin da Justina, uwar sarki, ta nemi a ƙwace wata majami'a a ba ɓangaren mabiya Ariyus, Monika na cikin waɗanda suka kwana a ciki tare da bishof, sojoji na kewaye da su.

Akwai abin da adalci ba zai bari a tsallake ba. Monika ce kan gaba wajen nema wa ɗanta auren da ya dace da matsayinsa. Aka samu yarinya 'yar gidan mutunci wadda saura shekara biyu ta isa aure. Saboda wannan aure aka raba shi da uwar Adeyodatus bayan zaman kusan shekara goma sha biyar. Matar ta koma Afirka ita kaɗai, ta bar ɗanta, ta yi alwashin ba za ta ƙara sanin wani namiji ba. Tarihi bai adana ko sunanta ba. Auren da aka kore ta dominsa kuwa ba a taɓa ɗaura shi ba, domin a bazarar 386 Agustin ya tuba, ya bar neman aure da muƙami gaba ɗaya. Ya shiga ya gaya wa uwarsa. A daren Ista na Afrilun 387 Ambros ya yi masa baftisma tare da Adeyodatus.

Suka kama hanyar gida, suka sauka a Ostiya, tashar jiragen ruwa ta Roma a bakin kogin Taiba. Wata rana uwa da ɗa suka jingina da taga mai kallon lambu suna zancen rayuwar lahira. A ƙarshen hirar ta ce masa abin da ya sa take son ƙarin kwana ya cika, ba ta ga sauran abin da take yi a duniya ba. Bayan kamar kwana biyar zazzaɓi ya kwantar da ita. Nabijiyus ya nuna fatan kada ajali ya riske ta a baƙuwar ƙasa. Ta dube shi da idon tsawa, sannan ta umarce su su binne ta duk inda ya samu, kada gawarta ta dame su, abin da take roƙo kawai su riƙa tunawa da ita a wurin ibada ko'ina suke. Daga baya Agustin ya ji cewa wasu abokansa sun taɓa tambayarta ko ba ta tsoron barin jikinta nesa da garinsu, ta amsa cewa babu wuri mai nisa ga Allah, kuma ba zai rasa inda zai tashe ta ba ranar ƙarshe. Wannan ita ce matar da ta yi shekaru tana tattalin kabari a gefen mijinta.

Ta rasu a rana ta tara ta jinya, tana cikin shekararta ta 56, ɗanta na cikin shekararsa ta 33. Shi ya rufe mata ido. Adeyodatus ya fashe da kuka, aka hana shi. Agustin ya daure har aka gama jana'iza, sai da ya farka shi kaɗai a kan shimfiɗarsa hawaye suka ƙwace masa.

Ya koma Afirka a 388, daga bisani ya zama bishof na Hippo, wato Annaba ta yau, inda ya rasu a 430. Da ya zo rubuta labarinta, bai rufe da yabo ba. Ya roƙa mata gafarar zunubanta, ya kuma nemi duk mai karatu ya tuna da Monika da mijinta Patirisiyus a addu'a. A 1430 aka mayar da ƙasusuwanta Roma, suna majami'ar da ke ɗauke da sunan ɗanta. A 1945 wasu yara da ke haƙa rami a Ostiya suka tono guntun dutsen da aka rubuta a kan kabarinta na farko. Katolika suna tunawa da ita ranar 27 ga Agusta, birnin Santa Monika na Amurka ma sunanta ya ci.

Kabarin da ta tanada a Tagaste bai taɓa karɓar ta ba. Amma wasiyyar da ta maye gurbinsa da ita, wato a riƙa tunawa da ita, ta cika fiye da yadda ta nema, yau sama da shekara 1,600. Allah Ya saka wa iyayenmu mata da alheri.