Yadda Gana ta raba mutanenta da ƙwan albasa

Ga abin da muka tattauna a filinmu na tarihi, mun rubuta shi saboda wanda ranar yana kan hanya ko yana bayan shanu bai samu saurare ba.

Kai da kake shigo da kaya ta iyaka ka san asarar da ta fi ta ɓarawo ciwo. Ka sayi kaya da kuɗinka, ka biya mota, ka biya masu lodi, sai ka iso bakin shinge ɗan kwastan ko ɗan duwan ya ce maka ai an hana shigo da wannan tun watan jiya. An yi haka da shinkafa, an yi da gwanjo. To, an taɓa yi da ƙwan lantarki ma, wanda wasu ke ce wa gulob, wasu ampul. Ƙasar Gana ce ta yi fice da wannan a yankinmu, kuma yadda ta bi ta yi shi ya cancanci ka ji.

Mu fara da shi kansa ƙwan. Muna nufin tsohon nan mai ƙaton ciki da haske ja-ja, wanda in ka taɓa shi da hannu sai ka yarfe. Mutanen Gana ƙwan albasa suke ce masa saboda siffarsa. Tun wajejen 1879 Thomas Edison a Amurka da Joseph Swan a Ingila suka fito da irinsa. A cikinsa akwai siririn zaren ƙarfe, wuta na bi ta ciki sai ya yi zafi har ya yi haske. Matsalar ita ce fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama, ɗan ragowar ne haske. Wato murhu ka saya, hasken kuma gyara aka yi maka.

Kafin gwamnatoci su sa baki, kamfanoni ne suka fara yi wa ƙwan nan doka. A ƙarshen 1924 manyan masu ƙera shi, cikinsu har da Osram da Philips, suka haɗu a birnin Janiba na Suwizalan suka amince kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, wanda nasa ya wuce a ci shi tara. Ɗan kasuwa ba sai an yi masa bayanin dalili ba.

Yanzu mu je Gana. Wutar ƙasar ta daɗe tana dogara da madatsar ruwa ta Akosombo a kan kogin Volta, wadda Kwame Nkrumah ya buɗe a farkon 1966. Injinanta shida ne. Kai makiyayi da ka taɓa shayar da dabbobi a Burkina Faso ko arewacin Gana, ruwan da shanunka suka sha a rassan Volta shi ne ke gangarawa ya juya injinan nan. In damina ta yi gardama a can sama, ciyawa ta ƙone muku, birnin Akara kuma ya kwana a duhu. Haka ya faru a 2006 da 2007. Ruwan tafkin ya ja baya har ya sauka ƙasa da ƙafa 240, iyakar da aka ɗiba wa injinan su yi aiki lafiya. Daga watan Agusta na 2006 aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa, aka yi fiye da shekara ana haka. Kamfanin narka alminiyom na Tema, wanda ya fi kowa shan wuta a ƙasar, dole ya rufe a 2007. Mai niƙa da tela da mai walda da mai sayar da ƙanƙara, a Nima ko a Zangon Kumasi, kowa ya ji a jikinsa.

Gina sabuwar tasha aikin shekaru ne, ruwan sama kuma ba a hannun gwamnati yake ba. Sai gwamnatin John Kufuor ta duba inda wutar ke zurarewa. Lokacin da ake matsuwa a kan layi shi ne daga magariba zuwa bayan isha'i, sa'ad da kowane gida ya kunna fitila. In aka rage abin da fitilun ke sha, kamar an ƙara inji ne ba tare da an haƙa ko rami ɗaya ba. Ga lissafin: ƙwan albasa mai wat 60 da ƙwan nan fari mai murɗe-murɗe mai wat 15 haskensu kusan ɗaya ne. Kowane musanya guda ta rage wat 45 ke nan.

Ba Gana ce ta ƙirƙiro dabarar ba. Kuba ta riga ta, tun 2005 Fidel Castro ya tura matasa gida-gida suna cire tsofaffin ƙwai suna ɗaura sababbi. Gana ta bi wannan sawu a 2007: ta sayo fararen ƙwai miliyan 6, ta raba su kyauta, da sharaɗin ka ba da tsohon naka a ba ka sabo. Hukumar Makamashi ta ƙasar ta ce wannan ya rage megawat 124 a lokacin matsuwar dare. Don ka gane girmansa, kowane injin Akosombo bayan gyaran da aka yi masa megawat 170 yake bayarwa. Wato kusan kashi uku cikin huɗu na inji guda aka samu daga sauya ƙwai kawai. Mai ƙwaƙwalwar lissafi zai ce ai miliyan 6 sau wat 45 ya fi haka. Gaskiyarka. Amma ba duka ake kunnawa lokaci ɗaya ba, kuma ka san halin mutane da kayan kyauta, wani ajiyewa zai yi sai ranar buƙata.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne jerin yadda aka yi. Tun 2003 an cire harajin shigo da kaya a kan farin ƙwai don ya yi sauƙi. A 2005 aka yi dokar manna masa takarda mai taurari, yawan taurarin ke nuna maka ingancinsa. A 2007 aka raba kyauta. Sai a 2008, bayan mutane sun ga farin ƙwan a ɗakinsu sun ga takardar kuɗin wuta ta sauka, sannan aka kafa dokar da ake kira L.I. 1932, wadda ta haramta ƙera ƙwan albasa da shigo da shi da sayar da shi. Binciken hukumar ya nuna cewa daga 2007 zuwa 2009 amfani da tsohon ƙwan ya faɗo daga kashi 58 zuwa kashi 3 cikin 100, farin kuma ya hau daga 20 zuwa 79. A ganina, lokacin da dokar ta iso, ta tarar ciniki ya riga ya mutu, sai jana'iza kawai ta yi masa.

Ka kwatanta da ɗaya ɓangaren dokar. Ita wannan L.I. 1932 ɗin ta haramta shigo da tsofaffin firij da na'urar sanyaya ɗaki na hannu, irin waɗanda ake kwasowa daga Turai. Nan fa aka sha daga. Babu wanda ya raba firij kyauta, sabo kuma ya fi ƙarfin talaka, ga dubban mutane da abincinsu ke cikin wannan sana'a, daga mai shigowa zuwa mai gyara zuwa ɗan kamasho. 'Yan kasuwar suka yi ta neman a ɗaga musu ƙafa, ana ɗagawa, sai a 2013 aka fara aiki da haramcin sosai, kuma bayan nan ma an ci gaba da kama su a tashar jiragen ruwa ta Tema. Takarda ɗaya, shekara ɗaya, gwamnati ɗaya. Ɓangaren da aka fara bai wa mutane madadi ya tafi salin-alin, ɗayan kuwa ya buɗe wa 'yan fasa-ƙwauri kasuwa.

Kada in sa ka zaci kowa ya ji daɗin mutuwar ƙwan albasa. Mai shagon da ya tara katan-katan lokacin da gwamnati ta fara rabon kyauta, wa zai sayar wa? Sannan akwai waɗanda zafin nan da ake kuka da shi, shi suke saye. Masu kiwon kaji da ƙwan albasa suke ɗumama 'yan tsaki a kwanakinsu na farko, musamman da hunturu. Farin ƙwai ba ya wannan aiki. Wanda ya rubuta doka a ofis haske yake tunani, mai kaji kuma ɗumi.

Wannan batu na ɗumi ya haifar da wani abin dariya a Jamus, wanda duk ɗan iyaka zai gane shi. Tarayyar Turai ta fara janye tsohon ƙwan daga kasuwa a watan Satumba na 2009, ta fara da mai wat 100, ta gama da ƙanana a 2012. Jamusawa da yawa suka yi ta saye suna tarawa. Sai wani injiniya mai suna Siegfried Rotthäuser ya ce to, tunda kun ce kusan duk abin da yake bayarwa zafi ne, ni ba fitila nake sayarwa ba, ɗan ƙaramin abin ɗumama ɗaki ne. A 2010 ya yi odarsa daga Sin da wannan suna, zubin farko ya ƙare cikin kwanaki. Zubi na biyu, guda 40,000, kwastan suka riƙe shi, kotu kuma ta ƙi karɓar hujjarsa. Ashe sauya wa kaya suna a takarda ba mu kaɗai muka iya ba, kuma can ma ba kullum yake fisshe ka ba.

A Amurka abin siyasa ya koma. George W. Bush ya sa hannu a dokar a ƙarshen 2007, aka fara aiki da ita a 2012, gwamnatin Trump ta sassauta a 2019, ta Biden ta sake ɗaurewa har aka hana sayar da yawancin irinsa daga Agusta 2023. A nan yankinmu ECOWAS, ko CEDEAO, ta sa wa kanta 2020 a matsayin shekarar rabuwa da shi. Amma yarjejeniyar taro daban, abin da ke kan tebur a kasuwar ƙauye daban.

Shin sauya ƙwai ya raba Gana da ɗaukewar wuta? A'a. Jama'a na ƙaruwa, kowa na sayen fanka da talabijin da firij. Daga 2012 zuwa wajejen 2016 aka sake shiga wani dogon duhu da suke kira dumso, wato kashe-kunna a harshen Tuwi. Ƙwan ya sayi lokaci ne kawai.

Kai kuma na ruga, na san abin da ke ranka: mu da ko turken wuta bai iso mana ba, ina ruwanmu? Rabon miliyan 6 bai zo mashekari ba, don wanda ba shi da tsohon ƙwai ba shi da abin musanya. Kun ci gaba da aci-balbal da fitilar ƙwai da kananzir. Abin da ya iso gare ku ta wata hanya ya biyo. A farkon shekarun 1990 wasu masana 'yan Japan uku, Akasaki da Amano da Nakamura, suka gano yadda za a samu shuɗin haske daga ɗan ƙaramin ƙwan da ake kira LED, daga nan aka iya yin fari. An ba su kyautar Nobel a 2014. Ƙwan LED mai wat 8 ko 9 yana ba da hasken tsohon mai wat 60, kuma saboda ƙarancin cinsa ƙaramin batir ko faifan sola kamar tafin hannu ya ishe shi. Tocilar da kake haska garke da ita in kare ya yi haushi da dare, da hasken da ke bayan wayarka, duk shi ne. Babu gwamnatin da ta tilasta maka. Ɗan kasuwa ne ya kawo shi ranar kasuwa, ka gwada ka ga ya fi kananzir sauƙi.

Sauran magana ɗaya, kuma ta shafi aljihu. Farin ƙwan nan mai murɗe-murɗe da Gana ta raba yana ɗauke da ɗan sinadarin makuri a cikinsa, guba ne ga mutum da dabba. In ya fashe a ɗaki a fitar da yara, a buɗe taga, a kwashe da kwali ba da hannu ba, kuma kada a zubar kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha. Saboda wannan guba, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata ta 2013 suka zauna a Bali a 2022 suka yanke cewa a daina ƙera irinsa na gida da shigo da shi da fitar da shi bayan 2025. Ƙwan da aka raba kyauta a 2007 shi ma ya shiga jerin kayan da ake hanawa. In wani dillali ya taya maka katan-katan ɗinsa a farashin da ya ba ka mamaki, ka tambayi wakilinka na bakin iyaka ko har yanzu yana wucewa kafin ka ba da kafin alƙalami.